Inna Mai Shantu, Kakar Da Ta Rene Mu Da Waƙa

   

Yau dai kam sai ku yi mini haƙuri, na ajiye labarin saurayi da budurwa a gefe. Tun da littafina na farko ya shiga kasuwa, tambaya guda ce ta fi yawa a cikin saƙonninku, wai a ina na koyi tsara zance alhali iyakacin karatuna sakandare? To ga amsar. A gindin wata tsohuwa na koya, wadda har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa rubuta ko da sunanta da boko ba. Kakata ce ta wajen uwa, wadda yaro da babba a unguwarmu ke kira Inna. Allah Ya yi mata rasuwa daf da azumin shekarar 2024. Abu biyu duk wanda ya san ta zai shaide ta da su, son waƙa da jinyar mutane. Da yawa sun ɗauka kowanne hanyarsa daban, ni kuwa da na tashi a ɗakinta na san igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma abin da nake so in nuna muku ke nan.

DAGA ƘAUYE ZUWA BIRNI

Inna ba ta da takardar haihuwa, da abubuwan da suka faru take lissafin shekarunta. Takan ce an kawo ta birni tana amarya daga wani ƙauye na ƙasar Bichi a shekarar da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu, wato 1953, tana 'yar shekara 14 ko 15. Da Sarauniyar Ingila ta zo ƙasar nan a 1956, Inna na goye da ɗanta na fari. In kun lissafa za ku ga ta yi kimanin shekara 85 a duniya. Ta ga dalar gyaɗa da idonta, ta kashe fam da sule da sisi da taro, ta ga zuwan naira da kwabo a 1973, ta kuma rayu har ta ga jikokinta na yi mata hoto da waya tana kare fuska da mayafi tana cewa, "Ku raba ni da wannan abin tsegumin."

Ku da kuka tashi kuka tarar da injin niƙa a kowane lungu, da wuya ku gane yadda waƙa take a rayuwar macen wancan zamani. Kowane aiki da waƙarsa. Mace za ta durƙusa gaban dutsen niƙa tun asuba, tana tura ɗan dutsen gaba tana dawo da shi baya, muryarta na bin tafiyar hannunta. In daka ne, mata biyu ko uku su kewaye turmi guda suna lugude, wannan ta ɗaga taɓarya wannan ta sauke, gwanar cikinsu har cilla taɓaryar take sama ta tafa ta cafe ba tare da kiɗan ya ɓaci ba. In za a yi wa amarya ɗaki, matan unguwa su taru da maɗaɓai su yi ta bugun ƙasa ana yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ɗaya na ba da waƙa sauran na amshi, har daɓen ya yi sumul. Da dare kuwa, in farin wata ya fito, 'yan mata su cika dandali da gaɗa.

Shi kuwa shantu, wani dogon duma ne siriri da ake rarake cikinsa, a bar baki biyu a buɗe, a yi masa zane. Mace takan buga gindinsa a cinyarta tana toshe bakin da tafin hannu tana sakewa, sai ya riƙa fitar da wani sauti mai zurfi gwanin daɗi. Ƙawayen amarya ne suka fi kaɗa shi don ɗebe mata kewa. Na Inna da shi aka kawo ta, a cikin kayan ɗakinta, gwaggonta ce ta ba ta. Ya yi baƙi ya yi sheƙi saboda shan hannu, ya tsage a gefe an ɗinke shi kamar yadda ake ɗinke ƙwarya, amma har ta rasu yana rataye a kan gadonta.

Wata rana na tambaye ta me ya sa matan da ke son waƙa haka. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ke 'yar nan, an kawo ki gidan da ba ki san kowa ba, ba kya iya ɗaga ido ki dubi uwar miji, ba kya faɗin sunan miji, ba kya faɗin sunan ɗan fari, to ina za ki kai abin da ke cikinki? Ai dutsen niƙa ya fi kowa sanin cikina." A cikin waƙar niƙa mace ke yin kewar gidansu, ta yabi iyayenta, ta yi wa kishiya habaici, ta kai ƙarar miji ba tare da ta ambaci kowa ba. Mai ji ya ji, amma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, domin ai waƙa take yi.

'YA'YAN KISHIYA

Gidan da aka kai ta yana nan kusa da dutsen Dala. Kakanmu, wanda muke kira Malam, maɗinkin hula ne da riguna a kasuwar Kurmi. Inna ta tarar da uwargida da 'ya'yanta uku, ga kuma mahaifiyar Malam wadda idonta ya riga ya tafi. Ba zan ce muku ba a taɓa saɓawa ba, ai harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma Inna da bakinta ta ce sun sha yi wa juna habaici a bakin turmi. Amma ranar da uwargidan nan ta zo haihuwa ta huɗu, jini ya ɓalle mata, kafin a samo abin da za a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ta bar jinjiri ko cibiya ba ta faɗi ba.

A lokacin Inna na shayar da 'yarta ta biyu. Dangin marigayiya suka zo za su raba yaran, wannan ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki ɗaya. Inna, yarinyar da ba ta fi shekara 20 ba, ta aika wa Malam ta bakin tsohuwa cewa a bar mata su. Ta haɗa jinjirin da 'yarta a nono, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Haihuwarta 11, bakwai suka rayu, ƙyanda ta ɗauke biyu a mako guda. In kun haɗa da huɗun marigayiya, yara 11 ke nan suka girma a hannunta, kamar Allah Ya mayar mata da adadinta cif. Ummata ita ce auta, kuma ta rantse mini sai da ta kai shekara 12 sannan ta ji a bakin wata maƙwabciya cewa manyan yayyenta ba Inna ce ta haife su ba. Ta koma gida da kuka, Inna ta ce, "Ƙarya ake yi, je ki ci tuwonki."

To jama'a, yaya yarinya guda za ta iya da wannan taro, ga makauniyar tsohuwa da sai an kai ta banɗaki an dawo da ita? Babban yayan Umma yakan ba mu labari cewa kowane yaro a gidan yana da waƙarsa ta kansa, wadda Inna ta ƙaga masa tun yana goye, da kirarinsa a ciki. In yaro na kuka, tana daga bakin murhu za ta ɗauko tasa, sai ka ga ya yi shiru yana raba ido. In za a tashe su makarantar allo da asuba, da waƙa ne. In an dama maganin shawara mai ɗaci, da waƙa ake ɗura shi. Ita ma tsohuwar, da yake ba ta gani, da muryar Inna take gane inda take a tsakar gida, in ta ji shiru sai ta ɗaga murya ta ce, "Amarya, lafiya kuwa?" Shekara 14 Inna ta yi tana jinyarta, kuma a cinyarta ta cika.

AKWATIN REDIYO

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da kuɗin adashenta ta sayi akwatin rediyo mai batir, bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962. Matan unguwa har sallama suke yi a zo jin Zaɓi Sonka. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, a ɗan ƙwanƙwasa shi, a mayar. Daga baya wani ɗanta ya kawo mata rediyo mai kaset, ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa don kada ƙura ta shiga. Mu jikoki aikinmu ne mu sa biro mu naɗe zaren kaset in rediyon ya tauna shi.

Gwaninta na farko Alhaji Mamman Shata. Takan ce kalangun Shata magana suke yi, kuma shi mutum ne da ba ya neman kalma, kalma ce ke nemansa. Ranar da aka ba shi digirin girmamawa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1988, an ce guɗa ta rangaɗa a tsakar gida kamar ɗanta aka ba. Ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999 da aka yi sanarwar rasuwarsa kuwa, kashe rediyon ta yi, ta rufe shi da rigarsa, kwana uku ba ta kunna ba. A shekarar aka haife ni, shi ya sa in tana tsokanata takan ce, "An ɗauke mana mai waƙa an kawo mana mai surutu." Tana son Ɗanƙwairo saboda nauyin Hausarsa, tana son Ɗanmaraya Jos saboda da ɗan kuntiginsa shi kaɗai yake wa talaka waƙa, har da yaron mota. Amma in aka sako Barmani Choge, 'yar Funtuwa mai amada, to nan ne za ku ga Inna ta ajiye abin da ke hannunta ta gyara ɗaurin zane. Abin da ya haɗa jininsu shi ne yadda Barmani ke zaburar da mata su tashi su nemi na kansu. Da ta rasu a 2013, Inna cewa ta yi, "Yarinya ce fa a kaina. Allah Ya jiƙanta, ta faɗa mana gaskiya da ƙwarya."

Akwai wani labari da ba ta cika son bayarwa ba. Tana da ƙuruciya, wasu mata masu amada, irin waɗanda ke kifa ƙore a ƙasa, wata kuma a cikin ruwa, suna kaɗawa a gidajen biki da suna, sun ji muryarta a wani biki na dangi. Uwar ƙungiyar ta tako har gida ta ce a ba ta aron Inna, za ta mayar da ita abin kwatance. Malam ya ce shi gidansa ba a roƙo. Kun san yadda al'adarmu take, muna son waƙa amma muna raina mai yin ta, balle a ce mace. Da na girma na ce mata, "Inna, da an bar ki da yanzu ke ma ana sa ki a rediyo. Ba kya jin zafin abin?" Ta daɗe tana kallon ƙasa, can ta ce, "Da na bi su, wa zai kai tsohuwa banɗaki?" Ta sake yin shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Amma fa na iya, kishiya. Wallahi na iya." Har yau in na tuna yadda ta faɗi maganar nan ta ƙarshe sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

GIDAN DA BA A RUFE ƘOFA

Lokacin farin 1973 zuwa 1974, da amfanin gona ya ƙone dabbobi suka yi ta mutuwa, dangi daga ƙauye suka cika gidan, har da waɗanda zumuncin sai an yi dogon lissafi. Inna ta kwance jeren tasoshinta na aure ta sayar, ta sayi dawa. Tukunya guda ake ɗorawa, a raba wa yara tukuna, manya su sha ruwan. Da dare ta tara yaran ta yi ta yi musu tatsuniya mai waƙa har barci ya ɗauke su, domin a cewarta yaron da ke amshi yakan manta da cikinsa.

Wajen jego kuwa ba a magana. Duk 'yar da ta haihu a dangi, da ma ta maƙwabta wadda ba ta da uwa a kusa, Inna ce mai tashi da asuba ta hura wuta, ta dafa ruwa da ganyen darbejiya ko runhu, ta yi mata wanka safe da yamma har kwana 40, ta gasa wa jinjiri cibiya, ta dama kunu. Kuma ba ta da taurin kai irin na wasu tsofaffi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Da wata malamar asibiti ta yi wa Inna wannan bayani, cewa ta yi, "Ashe shi ya kashe wance." Daga ranar ta daina zabga kanwa, ta kuma riƙa sirka ruwan wanka. Ku riƙe wannan, ƙannena, zai yi muku amfani wata rana.

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Kano da sauran garuruwan Arewa, aka yi asarar dubban rayuka, yawanci yara. Ta kama wani ɗan yayar Ummata, yana ɗan shekara biyar. Uwarsa na da tsohon ciki, don haka Inna ce ta goya shi zuwa asibiti, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa ta zauna da shi kwana da kwanaki, tana shafa kansa tana rera masa waƙarsa a hankali. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da jinsa, ya dawo gida kurma. Kowa na kuka, Inna kuwa sai ta ɗora shi a cinya, ta kama hannunsa ta ɗora a maƙogwaronta, ta ci gaba da waƙar. Yaron ya ji motsin muryar a tafin hannunsa, ya ɗago ya dube ta, ya yi dariyarsa ta farko tun da ya kwanta. Daga nan kullum sai ya zo ya ɗora hannu a wuyanta, ko ya rungume shantu in tana bugawa.

Bayan wannan kuma Malam ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Shekara tara yana kwance, Inna ce juyi, ita ce wanki, ita ce ba da abinci a baki. Mutumin da ya ce gidansa ba a roƙo, shi ne ya koma in dare ya yi masa tsawo yana cewa da karyayyen harshe, "Ɗan yi mana wani abu mana." Sai ta yi masa begen Annabi, ko baitocin Ishiriniya da ta haddace a bakin masu karatun Mauludi, har ya samu barci.

Ni kuwa yaye ne ya kai ni hannunta. Ni ce 'yar fari, ga kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu, don haka da aka kai ni sai aka bar mata ni ɗungurungum. A bayanta na koyi cewa zance yana da gaɓa, yana da inda ake jan numfashi, yana da inda ake yin shiru a bar mai sauraro ya ƙarasa da kansa.

RANAR DA MAI JINYA TA KWANTA

'Yan'uwa, tsufa ba ya sallama. Wajen shekarar 2019 muka fara lura Inna na ajiye abu ta manta, ta yi sallar azahar sau biyu, ta ba yaro naira 500 ta ce ya sayo mata goron sisi ya kawo canji. Tun muna dariya har abin ya daina ba mu dariya. Ta fara kiran Umma da sunan yayarta da ta rasu tun kafin a haife mu. Wata rana da tsakar dare ta buɗe ƙofa ta fita, wai za ta ƙauye an bar tsakin awaki a waje, sai wani mai shayi ne ya gane ta ya dawo da ita.

Nan fa aka ga halin mutane. Wasu a unguwa, har da waɗanda ta yi wa wankan jego da hannunta, suka fara ƙus-ƙus, wai tsohuwar da ke yawon dare ai sai a bincika, wasu su ce iska, wasu ma har bakinsu ya iya furta maita. A cikin gida kuma aka yi taro. 'Ya'ya sun watsu, wani na Kaduna, wani na Abuja, wata na aure a Legas, kowa da uzurinsa. Wani ya ce a ɗauko 'yar aiki, wani ya ce a riƙa kulle ta a ɗaki. Sai babban yayan Umma, ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayiya uwargida, dattijo da furfurarsa, ya miƙe hawaye na bin gemunsa ya ce, "Matar da ba ta bari an raba mu ba, ita za a sa wa kwaɗo? Ba dai ina raye ba." Aka tsara karɓa-karɓa, na nesa su turo kuɗin magani da abinci, na kusa su raba kwana, maza ma aka sa musu ranakun kai ta asibiti da kwanan zaure. Ni da Umma muka tare a ɗakinta.

Likitan da ya duba ta ya yi mana bayani cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kama wasu tsofaffi, wanda muke kira gigin tsufa. Yakan fara cinye abin da ya faru jiya da shekaranjiya kafin ya taɓa na shekara 60 baya, kuma waƙar da mutum ya haddace tun ƙuruciya tana cikin abubuwan da ke daɗewa ba su goge ba. Ya ce kada mu riƙa yi mata gardama, in ta ce Malam na kasuwa mu ce Allah Ya dawo da shi lafiya, mu kawar da wuƙa da ashana daga kusa da ita, mu kuma tsayar mata da lokacin ci da na barci.

Wanka ne ya fi ba mu wuya. Ba ta gane Umma, gani take wata baƙuwa ce ke son kwance mata zane, sai ta ƙanƙame jiki ta yi ta ihu. Rannan abin ya ishi Umma ta zauna a bakin rijiya tana kuka. Ni kuwa sai na shiga ɗaki na sauko da shantun nan, na zauna a gabanta na fara bugawa a cinyata. Ihun ya tsaya. Ta ƙura mini ido, can sai ta ce, "Ke wace irin kishiya ce, ko shantu ba ki iya ba? Miƙo nan." Ta karɓa, hannun nan da ke rawa ya daidaita, ta ɗauko wata waƙar 'yan matancinta tun daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tana yi ina amshi, Umma ta matso da ruwan ɗumi a hankali, aka yi wanka aka gama ba ta ce uffan ba. Daga ranar muka samu mabuɗi. Magani da waƙa, abinci da waƙa, kwanciya da waƙa, kamar dai yadda ta yi wa yara 11 da jikokin da ba su ƙirguwa.

Lokacin kullen korona na 2020, da aka hana fita a Kano ana cikin azumi, na samu littafin rubutu mai shafi 80 na riƙa rubuta duk abin da ya fito daga bakinta, wasu kuma na ɗauka a waya. Na niƙa, na daɓe, na reno, na gaɗa, da waƙoƙin da ta ƙaga wa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki, in ɗanta ya shigo ba ta sanin sunansa, amma in aka fara mata waƙarsa sai ta ƙarasa, ta dube shi ta ce, "Kai ne?" Na ga manyan mutane masu jikoki sun durƙusa gabanta suna kuka kamar yara saboda wannan kalma.

Yayanmu kurman nan, wanda yanzu tela ne da matarsa da 'ya'yansa, duk Juma'a yana zuwa bayan masallaci. A zuwansa na ƙarshe ta riga ta daina gane kowa, ko magana ba ta cika yi ba. Ya zauna a bakin gado. Sai muka ga ta lalubo hannunsa, ta ɗora a maƙogwaronta, ta fara motsa baki. Mu da ke da kunne ba mu ji komai ba, muryar ta riga ta tafi. Shi kaɗai ya ji.

A makonninta na ƙarshe ta bar waƙoƙin duniya, sai salati da bege. Ta cika da asuba, Umma na riƙe da kanta ana laƙƙana mata kalmar shahada. Ranar zaman makoki mata suka yi ta shigowa waɗanda ba mu taɓa gani ba, wannan ta ce ita ta yi mini wankan fari, wannan ta ce ita ta yi jinyar uwata, wannan ta ce a gidan nan muka ci tuwo shekarar fari. Gaskiyar Hausawa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

GARE KU ƘANNENA

Shawarata uku ce. Ta farko, duk wadda Allah Ya bar mata kakarta da rai, ta ajiye waya ta je ta zauna kusa da ita. Ki tambaye ta waƙar da aka yi mata ranar da aka kai ta ɗaki, da wadda take yi in tana niƙa, da wadda ta yi wa babanki ko ummanki yana goye. Ki rubuta. Waɗannan ba sa cikin kaset ɗin kowa, ranar da aka ɗauke ta an ɗauke su.

Ta biyu, in tsohuwa ta fara ruɗewa, a gidanku ko a maƙwabta, kada ki shiga sahun masu dariya, balle masu jifanta da mugun suna. Ciwo ne, a kai ta asibiti, a kuma lallaɓa ta da abin da ta saba so tun tana da ƙarfinta.

Ta uku, jinya aiki ne mai nauyi, kuma a gidajenmu kusan kullum a kan mace guda yake faɗawa, a yi ta sa mata albarka da baki ana zamewa. In kin ga ummanki ko yayarki a cikin wannan hali, ki karɓe ta ko da na awa biyu ne ta runtsa. In kuma ke ce abin ya faɗo wa, ki buɗe baki ki nemi taimakon 'yan'uwa, maza da mata, ba abin kunya ba ne. Inna ta samu waƙa ta jingina da ita, amma ko ita da ta samu mai kama mata da wuyanta bai ranƙwafa da wuri haka ba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa jinyar da ta yi wa bayinSa ta zame mata haske a kabarinta. Ya jiƙan kakanninku da suka riga mu, waɗanda ke raye kuma Ya ba ku ikon kyautata musu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.